Magen Suwaibatu

Suwaibatu ba ta son mage, kuma kowa a unguwarsu da ke Yankara ya san haka. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kuma kiwon kaji a bayan ɗaki. Duk magen da ta leƙo kan katangarta, jifa ce ke tarbarta. Shi ya sa ranar da mijinta, Malam Maharazu, ya shigo da la'asar rungume da wani abu cikin takardar buhun siminti, ya tsaya bakin zaure yana kame-kame, ta san da magana.

Malam Maharazu manomi ne tun tasowarsa. Babban farin da aka yi ne ya ƙone masa gona, ya kashe masa shanun huɗa. Da kamfanin da ke aikin titi ya kafa sansani a bayan gari, sai ya samu gadin rana a wurin. A shekarun nan kuɗin fetur sun fara yawo, samari sun watse birane neman aiki. 'Ya'yansu maza suna Kaduna, autarsu Saudatu kuma tana aure a Mairuwa. Gida ya rage su biyu.

"Malam, mi ka ɗauko mana?" in ji Suwaibatu.

"Zo ki gani dai. Amma don Allah kada ki yi faɗa."

Ta goge hannu a zani ta matso. Warin kwalta ne ya fara bugunta. Cikin takardar wani baƙin dunƙule ne, ƙasa da tsakuwa duk sun manne masa. Sai da dunƙulen ya buɗe ɗan baki ja, ya yi kamar zai yi kuka amma murya ta ƙi fita, sannan ta gane mage ce.

Malam ya ce wani duron kwalta ne ya fashe a bayan sansani, rana ta narkar da kwaltar ta malale. Magen ta zo tsintar abin da leburori suka zubar, ta taka, ta faɗi da gefe ɗaya, ta kasa tashi. Tun jiya yake jin ɗan kuka, ya ɗauka tsuntsu ne. Da shebur ya yanko ta, haɗe da ƙasar da take kwance a kai.

"Wannan ai ta gama," in ji Suwaibatu. "Dubi haƙarƙarinta. Tun kafin kwaltar ma yunwa ta riga ta cinye ta."

"Na sani. Ban dai iya barinta ta mutu cikin rana."

Ya ajiye ta gindin bishiyar darbejiya, ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar kalanzir. Ya ce da shi leburori ke wanke hannu in kwalta ta taɓa su.

"Hannun ƙato daban, wannan fatar daban," in ji ta. "In ka zuba mata, ka ƙarasa ta. Matsa ka ba ni wuri."

Ta shiga ta ɗauko ƙwaryar man gyaɗar da ta tace da safe, wanda za a kai kasuwa. Ta zauna kan kujera 'yar tsuguno, ta shimfiɗa tsumma a cinya, ta ɗora magen. Ta riƙa tsoma yatsu cikin mai tana shafawa a hankali, tana jira ya jiƙa, tana gogewa da auduga. Kwaltar ta fara saki, tana fitowa kamar baƙar miya. Inda ta daskare sosai, ta sa almakashi ta yanke gashin. Magen ba ta motsa ba, sai zuciyarta da Suwaibatu ke ji tana bugawa da sauri a tafin hannunta.

Kafin magariba ta buɗe mata fuska da ƙafafun gaba. Sauran ta ce sai gobe, don jikin ba zai ɗauka ba. Ta ɗiga mata ruwa da auduga a gefen baki. Ɗigon farko ya gangare. Na biyu ma haka. Can sai ɗan harshe ya fito ya lashe.

"Ta sha!" in ji Malam, yana tsugune kamar yaro.

"Na gani. Tashi ka yi alwala, an kusa kira."

Tunda Malam kullum yana wurin aiki, jinyar ta faɗo kan Suwaibatu. Kowace safiya in rana ta ɗan yi ɗumi, sai ta shafa mai, ta goge, ta wanke da ruwan ɗumi da sabulun salo, ta naɗe ta cikin tsohon ɗankwali. Ta roƙi Baraka, Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta riƙa rage mata madara sabuwar tatsa. Ta riƙa sirka ta da ruwa tana ba ta kaɗan-kaɗan, daga baya ta ƙara da romon busasshen kifi. Tana yi tana mita.

"Ke dai kin cika rigima. Duk faɗin duniyar nan ba ki ga wurin kwanciya ba sai kwalta. In kin warke ki kama gabanki, kin ji ko? Ni ba ni ajiye ɓarauniya."

Da kwaltar ta gama fita aka ga ashe fara ce, da ɗan ja a ka da baya. Gashin gefe ɗaya duk ya tafi, fatar ta yi ja kamar ƙuna. Bakin wutsiyarta ya bushe ya faɗi. Ƙafar baya ɗaya ba ta taka ta sosai. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Maƙwabciyarsu Mero da ta shigo aron rariya sai da ta ja da baya, ta ce ta ɗauka gafiya ce.

Ana cikin haka Malam ya yi ɓarna. Wata rana ya biyo ta tasha ya sayo tsire, ya ga magen na kallonsa daga cikin kwandonta, tausayi ya kama shi. Suwaibatu na bayan ɗaki wurin kaji. Ya karkaɗe yajin, ya miƙa mata yanka ɗaya, ta haɗiye ba ta ko tauna ba. Ya ƙara, ya ƙara. Ya ji daɗin yadda take ci.

Da safe aka same ta ta yi amai, ta yi zawo, ta miƙe kamar tsumma, ido a kafe.

"Mi ka ba ta?" in ji Suwaibatu.

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan nama ne."

"Ɗan nama! Cikin da ya daɗe bai ga abinci ba za ka ɗura wa tsire? Ni ina nan ina lallaɓawa da auduga, kai ka zo ka rushe mani!"

Ta juya masa baya. Malam ya ɗauki sandarsa ya fita ko koko bai sha ba.

Jikin magen ya yi sanyi, tsumma kuma bai ɗumama ta ba. Suwaibatu ta rasa dabara, sai ta sa ta cikin zaninta, a ƙirji, ta ɗaure. Haka ta yi wankin gyaɗa, haka ta yi suya, tana tsayawa jifa-jifa ta ɗiga mata ruwa mai ɗan gishiri da sukari. Mero ta leƙo ta katanga, ta ga kan mage ya fito daga zani, ta fashe da dariya.

"Yaya Suwaiba, goyo aka samu da tsufa?"

"Ki yi dariyarki. Rai ne."

Da la'asar Malam ya dawo, ya tsaya daga nesa bai iya tambaya ba. Ta bar shi ya ɗan jima a tsaye, sannan ta ɗaga bakin zanin. Magen ta buɗe ido, ta yi wani siririn kuka, na farko da aka taɓa ji daga bakinta a gidan. Malam ya zauna a ƙasa inda yake tsaye ya ce alhamdu lillahi.

Daga nan sauƙi ya samu. Gashi ya fara tsirowa, laushi kamar na ɗan tsako. Ta fara fita daga kwando tana ɗingishi, tana bin Suwaibatu daga turmi zuwa murhu, daga murhu zuwa rijiya. In ta zauna murza ƙuli, magen sai ta kwanta kan ƙafarta tana wani ɗan gurnani a maƙogwaro, irin na jin daɗi. Kajin da ake tsoron za ta ci, su suka riƙa korarta. Wata uwar 'yan tsaki ta taɓa bin ta har ƙarƙashin gado.

Suwaibatu na kiranta Baƙuwa, wai don kada ta manta tafiya za ta yi. Damina ta zo ta wuce, ba wanda ya sake ta da maganar tafiyar. Malam kan yi ƙorafi, wai shi ya tsamo ta amma ko kallo bai ishe ta ba.

Bayan girbi aka aiko daga Mairuwa, Saudatu ta haihu. Uwar mijinta ta rasu, ba mai yi mata wankan jego, dole Suwaibatu ta je ta zauna har a yi arba'in. Ta shirya kayanta, ta roƙi Mero ta riƙa aiko wa Malam tuwo. Shi kuma ta tsayar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: ga kifi cikin tukunya, a jiƙa shi kafin a ba ta, Baraka za ta kawo madara, kada a bar zaure a buɗe don motoci sun fara gudu a sabon titi.

"Ni fa?" in ji shi. "Ba wani bayani a kaina?"

"Kai ai kana da baki."

Ranar suna Malam ya je ya dawo, ya tarar da kwanon Baƙuwa yadda ya bar shi. Ya ce zafi ne. Washegari ta lashi madara kaɗan ta bari. Ta koma gindin turmi ta kwanta, fuskarta na kallon zaure. In aka yi sallama sai ta ɗaga kai, in ta ga ba Suwaibatu ba ce ta mayar. Ya jiƙa kifi, ya marmasa, ya kai mata har baki, ta kau da kai. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya gwada kwaikwayon muryar Suwaibatu. Kwanaki na tafiya, ya fara ganin ƙasusuwan bayanta suna fitowa.

Ranar hutunsa ya sa ta cikin kwando, ya rufe da mayafi, ya ɗaure da igiya, ya tafi tasha ya shiga motar Funtuwa mai bi ta Mairuwa. Tun kafin a bar gari ta fara kuka. Fasinjoji suka yi ta waige. Wani ɗan kasuwa ya tambaye shi ko sayarwa zai kai ta.

"Ganin gida za ta," in ji Malam. Motar ta ɗauki dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

A Mairuwa kunya ta kama shi. Dattijo kamarsa, ya zo gidan suruki ba aike ba sanarwa, riƙe da kwando. Ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Harisu, mijin Saudatu, ya fito da sauri ya durƙusa.

"Baba, lafiya dai? Da ka aiko ai da na zo."

"Lafiya lau. Turo mani ita."

Suwaibatu ta fito hannunta duk toka, ta ɗauka wani abu ya samu yaran Kaduna. Kafin ta yi magana kwandon ya yi motsi, kuka ya cika zauren. Ta dubi kwandon, ta dubi mijinta.

"Malam! Tun daga Yankara?"

"Ta ƙi ci. Na yi iyakar ƙoƙarina."

Ta durƙusa ta kwance igiyar. Baƙuwa ta yi tsalle ta haye cinyarta, tana goga kai a haɓarta, tana kuka kamar mai kai ƙara. Suwaibatu ta shafa bayanta, ta ji ƙashi, ta yi tsaki a hankali.

"Ke wace irin wawuya ce? Ina zan je in bar ki?"

Aka shigar da Malam tsakar gida, aka shimfiɗa masa tabarma. Suwaibatu ta ɗebo kunun mai jego, ta bari ya huce, ta marmasa kifi a ciki. Baƙuwa ta sa kai ba ta ɗago ba sai da ta lashe kwanon. Saudatu ta fito da jaririn a hannu, ta gaishe da mahaifinta, ta miƙa masa. Ta tsaya tana kallon wuyansa da yadda riga ta yi masa yawa.

"Baba, ita kaɗai ce ta ƙi cin abinci? Kai ma ai ka faɗa."

"Miyar Mero ce, gishiri ya yi mata yawa."

Suwaibatu ta ɗago ta dube shi da kyau, karo na farko tun isowarsa. Ta tashi ta shiga madafa, ta dama fura mai kauri, ta ajiye gabansa, ta karɓi jaririn. Ta zauna gefen tabarmar, ba kusa ba ba nesa ba, har ya shanye. Da ta ƙara masa bai ce a'a ba.

Aka yanke Baƙuwa ta zauna Mairuwa har a gama wanka, su koma tare. Da rana ta yi sanyi Malam ya miƙe zai tafi. Suwaibatu ta cika masa kwandon da dambu da soyayyar gyaɗa, ta rako shi har zaure, magen na biye da ita.

"Ran hutu na gaba zan leƙo," in ji shi, yana gyara hula. "In ga ko tana ci."

"To. Ka zo da wuri, kafin in sauke tukunya."

Haka ya yi ta zuwa kowane mako, har aka yi arba'in, ya zo ya ɗauke su su biyun suka koma Yankara.