Ta Sauya wa Aikinta Gida

A bakin firinta ta tsinci takardar, da sauran ɗuminta. Wani abu daban ta zo ɗauka, sai ga shafin farko na jawabin da za a gabatar wa manyan kamfani ranar Alhamis. Ta karanta kan maganar, ta karanta abin da ke ƙasa, har ta juya bayan takardar ko can aka kai sunanta. Fari fat. Suna ɗaya ne kacal, da manyan baƙaƙe, na Mai Kwat.

Shiru ake ce mata a ofis, don takan wuni gaban kwamfuta ba a ji ko tarinta ba. Kamfanin na motocin bas ne, bas arba'in da biyu, direbobi sittin da 'yan kai. Shekara biyu ta kwashe tana rubuta manhajar da za ta raba wa direbobin aiki, yadda ba wanda zai sauko daga tafiyar awa goma a sake danƙa masa makulli. Dalilinta kuwa mutum ɗaya ta taɓa faɗa wa. Babanta direba ne, barci ya sace shi a kan sitiyari tana 'yar shekara tara, bai sake dawowa gida ba. Mutum ɗayan nan shi ne Mai Kwat, abokin aikinta, wanda ko rana na narka kwalta ba ya cire kwat ɗinsa. Ranar da ta faɗa masa, da hankicinsa ya share mata hawaye, ita kuwa ta koma gida tana jin kamar an buɗe mata taga a ƙirji.

"Au, ƙanwata, kin gani ashe."

Yana tsaye bayanta da kofin shayi. Wata uku da suka wuce tauraruwata yake ce mata. Tun da manhajar ta fara aiki ta koma ƙanwa.

"Ina sunana?"

"Haba, ke ma kin san manya ba sa son dogon jerin sunaye. Kuma ke ba mai magana ba ce. In suka jefo miki tambaya kika daskare fa? Zan ambace ki da baki, kar ki damu." Ya kurɓi shayin. "Matsalar nan ta jadawalin Lahadi, ki gama da ita kafin Laraba. Zan zo in ɗauki sabon kwafi."

Ya zare takardar daga hannunta a hankali, har da murmushi, ya wuce.

Ta koma ta zauna. Kwamfutar teburinta tana da nata tsarin, irin wanda kowa a ofis ke amfani da shi, mai tagogi da hotuna. A cikinsa ne Shiru ta ɗora wani tsarin daban, mai baƙin allo da fararen rubutu, yana zaune kamar ɗan haya. Ɗan hayan nan da duk tarkacensa a cikin ƙaton fayil guda yake, wanda ita da Mai Kwat suke kira akwati. A cikin akwatin akwai foldar gida, inda tsarin ke sauke mai shi da zarar ya shiga, kuma nan ne shekarunta biyu suke kwance. Mai Kwat bai taɓa leƙa ciki ba. Abin da ya iya shi ne ya kwafe akwatin ɗungurungum zuwa laftof ɗinsa, ya buɗe, ya buga kalma ɗaya da ta koya masa, jadawali ya bayyana, a tafa masa.

Da yamma ta tarar da Yayarta a kan keken ɗinki, allurai uku a baki. Ba ta ko cire takalmi ba ta zube a tabarma ta zayyane mata komai.

Yaya ta tofar da alluran a tafin hannu. "Ai tun ranar da ya zo gidan nan ya ƙi zama don kar kwat ta yamutse na san ba mutum ba ne. Ki tuntsurar masa da shayi a kan laftof ɗin mana."

"Sai kamfani ya saya masa sabo."

"To ki je wurin Manaja."

"Sai Mai Kwat ya ce tare muka yi, ni na taya shi buga rubutu. Yaya, bakinsa ya fi nawa. In ya fara magana ni kaina sai in soma yarda."

"To goge abin gaba ɗaya, kowa ya rasa!"

"Direbobi na jiransa." Shiru ta tashi zaune, idanunta sun kaɗa sun yi ja. "Ba zan goge ko harafi ɗaya ba. Tashi zan yi."

Ta yi mata bayani da gwangwanin maɓallan Yaya. Ta kwashe maɓallan ta zuba a faranti, ta mayar da murfin, ta miƙa mata gwangwanin. Yaya ta girgiza shi, ta ji wayam, sai ta kwashe da dariya har tana bugun cinya.

"Shegiya! Wato ya ciccibi gida a ka ya kai gaban manya, ya ƙwanƙwasa, ya tarar masu gidan sun yi ƙaura!" Dariyar ta lafa, ta dubi ƙanwarta da kyau. "Amma ke, tsakaninki da Allah, kin daina sonsa?"

"Da na daina, da abin bai yi min zafi haka ba."

"To ki yi, amma kar ki zo min da kuka daga baya. Zanen nan na mutane ne, ba na share hawaye ba."

Ranar Talata da azahar, da ofis ya watse cin abinci, ta gyara matsalar Lahadi tukuna, don ba ta son a ce aikinta na da tabo. Sannan ta buɗe sabuwar folda a faifai na biyu na kwamfutar tebur, a wajen akwatin, inda ɗan haya ke iya miƙa hannu ya taɓa kayan mai gida. Ta kwashe foldar gida kaf ta mayar can. Tana kallon sunayen fayiloli suna gudu a baƙin allo, kowanne da ranarsa a ranta. Ga wanda ta rubuta tana fama da zazzaɓi. Ga wanda ta gama ranar da Mai Kwat ya fara riƙe mata jaka zuwa tasha. Saura layi ɗaya, wanda ke gaya wa tsarin inda gidanta yake. Ta goge tsohon adireshi ta rubuta sabo, ta karanta shi sau uku, don harafi ɗaya in ya kauce ita ma a waje za ta tsinci kanta. Ta rufe tsarin ta sake buɗewa. Ya sauke ta a sabon gida lafiya lau, komai na nan inda ta san shi.

Ta duba girman akwatin. Bai ragu ba ko kaɗan, don irin wannan fayil in ya kumbura ba ya sacewa da kansa ko an kwashe kayan ciki. Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Ranar Laraba Mai Kwat ya zo da laftof ɗinsa a hammata.

"Har yanzu ana iya ƙara suna a shafin farko," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"An riga an buga kwafi ashirin, ƙanwata. Ɓarnar takarda ke nan."

Laftof ɗin ba shi da wurin akwati biyu. Allo ya tambaye shi ko ya ɗora sabon a kan tsohon. Ya danna e ba tare da ya karanta ba.

"Ba za ka gwada ba?" Ita kanta ba ta san me ya sa ta tambaya ba.

"In gwada me? Ai aikinki ne, bai taɓa ba ni kunya ba."

Ranar Alhamis ƙarfe goma, ɗakin taro ya cika: Manaja, manya uku daga hedikwata, da shugaban direbobi, dattijo mai furfura a gira. Shiru na can kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Mai Kwat ya miƙe ya fara, kuma wallahi ya iya. Muryarsa ta yi laushi yadda take yi a da, har zuciyarta ta soma karaya. Ta fara lissafin yadda za ta zame ta jona masa kwamfutarta kafin asiri ya tonu.

Sai ta ji ya ce, "Ranku ya daɗe, abin da ya sa na hana kaina hutu shekara biyu, ina da kawu direba. Barci ya sace shi a kan sitiyari ina ɗan shekara tara."

Har da sunkuyar da kai. Shugaban direbobi ya girgiza kai cikin tausayi. Shiru ta gyara zama, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Duk wani laushi da ya rage mata ya bushe ƙarƙaf.

Ya buɗe akwatin a babban allon bango. Layi ɗaya ya fito: ba a sami foldar gida ba. Ya buga kalmarsa. Tsarin ya ce bai san wannan kalma ba. Ya sake bugawa da manyan baƙaƙe. Ya rufe ya buɗe. Ya taɓa wayar allon, ya hura ramin da take shiga. Gumi ya fara bin wuyan rigarsa.

"Ƙanwata, ɗan zo ki duba mana, ina jin waya ce."

"Ni?" Muryarta ta fito tar, har ita ta yi mamaki. "Ai ni ba mai magana ba ce. Mai aikin ya fi kowa sanin aikinsa."

Manaja ta zare tabarau. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta. "Allon ya ce bai ga foldar gida ba. Ina take?"

"Ranki ya daɗe, wato, tana ciki."

"Cikin ina?"

"Cikin, wato, tsarin."

"Nuna mana."

Ya tsaya yana kallon baƙin allo kamar wanda aka ce ya karanta wasiƙa da harshen da bai taɓa ji ba. Ɗaya daga cikin manyan ya duba agogo. Shiru ta bar shi a haka. Ta ƙirga numfashinsa, ta kalli yatsunsa suna yawo a kan maɓallai ba su sauka ko'ina ba, ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan. Sai da Manaja ta juyo ta dube ta sannan ta miƙe.

"In za ku taka zuwa teburina, aikin na can."

Haka manyan kamfani suka cunkushe a lungunta, tsakanin kabad da fanka. Ta buga kalmar, jadawalin mako ya zubo. Shugaban direbobi ya matso ya ce, to, a ce direban bas na goma sha bakwai ya kwanta ciwo ranar Lahadi fa? Ta cire shi, manhajar ta sake rabon, ta nuna masa dalilin da ya sa ba ta ba wane ba, don jiya ya yi doguwar tafiya. Dattijon ya yi ta jefo tambaya, tana amsawa, har manyan suka manta da agogo.

Da suka fita, Manaja ta tsaya. "Wa ya matsar da foldar?"

"Ni ce."

"Saboda me?"

Tana iya cewa akwatin ne ya cika, kuma da an yarda. "Don ya tsaya gabanku hannu wofi, ranki ya daɗe."

Manaja ta mayar da tabarau. "Za ki sami takardar gargaɗi, don ba a kunyata ofishina gaban baƙi. Rahoton da zai tafi hedikwata kuma da sunanki zai tafi, ke kaɗai. Ki rubuto min shi cikakke kafin a tashi."

A kan matakala ta ci karo da Mai Kwat bayan an tashi, yana zaune, laftof a cinya.

"Kin kashe ni," ya ce. "Da kin faɗa min ai da mun sasanta."

"Ba ka da kawu direba."

Ya kawar da kai gefe.

"Matsa, ka tare hanya."

Ya janye ƙafafunsa. Ta sauka a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya, kanta a sama. Sai da ta sha kwanar titi, inda ba zai hango ta ba, sannan ta jingina da bango ta yi kukanta mai isarta. Ta share fuska da bayan hannu, ta tsayar da bas.