Yatsu Huɗu na Jaji

Ƙarar bindigar ta tashi tsuntsayen kan ɗorawa, hayaƙi ya rufe fuskar Jaji, amma ƙwaryar da ya rataye a jikin itacen tana nan lafiya lau.

"Je ka duba, Malam," in ji shi.

Na je. Harsashin ya nutse a saiwa, kamu biyu ƙasa da ƙwaryar. Ni ba maharbi ba ne, karatuna ma a izu tara ya tsaya, amma maƙwabcina Jaji tun muna samari yake ce mini Malam don tsokana.

Abin da ke kai mu bayan ganuwa kullum shi ne wata ɓauna mai ƙaho ɗaya. Ita ta kashe ɗansa Audi a mashayar Mariga. Jaji da kansa ya naɗo shi a tabarma, kuma tun ranar bai sake riƙe fartanya ba. Ya ba fataken Nufe awakinsa, suka ba shi albarushi da dalma.

Maharbanmu ga yadda suke awo: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zura sandar ɗuri, abin da ya rage na sandar a waje a auna shi da yatsu. Wata biyu Jaji yana gwaji. In ya sa uku, harsashi ya gaji a hanya. In ya sa biyar, bindigar ta hauri kafaɗarsa kamar jaki, fatar da aka ɗaure tsohuwar tsagarta da ita ta yi kuka. Ranar da ya tsaya a huɗu, ƙwarya bakwai ya fasa a jere.

Na ce, "An ce fa ɓaunar nan tana rikiɗa. Wai an gan ta a kasuwar Kuyello, mace mai tabo a goshi, tana sayen gishiri."

"Ta haɗa da likkafani," in ji Jaji.

Matarsa Huraira tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba. "Maigida, in ka same ta, ƙahon nawa ne. A masai zan jefa shi."

Damina ta sauka. Jaji ya riƙa kwanciya a fadama yana bin sawu, har kumburi ya kama shi. Sai da maƙeri ya yanke masa zobe. Ni kuwa abin da ya ɗauki hankalina, in na danna bayan hannunsa sai rami ya zauna kamar a ƙullun tuwo. Nakan danna in yi ta kallo, ina ƙirga numfashi nawa kafin ya cike. Ban yi tunanin komai bayan wannan ba.

Wata Laraba da hantsi wani makiyayi ya zo ya ce ɓaunar tana mashaya. A gabana Jaji ya ɗura bindiga, ya jera yatsunsa a jikin sandar, ya ƙara albarushi, ya sake jerawa.

"Huɗu cif," ya ce.

Na bi shi a baya, nesa kaɗan. Ƙarar da na ji ba wadda na sani ba ce. Na same shi rigingine cikin ciyawa, ƙarfen bindigar ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, wani guntun ƙarfen ya shige wuyansa. Ɓaunar tana tsallaken ruwa. Ta dube mu, ta gama shan ruwanta, ta shige daji.

"Huɗu na sa, Malam," in ji shi. "Wallahi huɗu."

Na dubi hannunsa. Yatsunsa huɗu sun kai nawa shida. Kafin azahar ya cika.

Bayan sadakar bakwai Huraira ta aiko aka kira ni. Na faɗa mata abin da na gani, har da dannawar da nake yi. Ba ta zage ni ba. Ta ce ƙanenta Bature, maharbi, yana tafe don ya bi ɓaunar, kuma bindigar Audi tana nan, 'yar'uwar waccan ce, wurin mutum ɗaya aka samo su.

"Awon ya tafi da mai shi," na ce.

"Zo ka gani."

Ta kai ni bangon rumbu, wanda Jaji ya yaɓe da rani tun hannunsa yana lafiya. Sawun yatsunsa na nan a busasshen laka. Ta ɗora guntun kara a kan sawun yatsu huɗu, ta yi alama da farce, ta yanke. Ta sake gwadawa, ta ɗan rage bakin, sannan ta hure ƙurar.