Siddiƙu Ya Ba Da Hanya

A shekarar da kuɗin mai suka yi yawa, har gwamnatin soja ta malala wa makarantar sakandaren da ke wajen Ƙofar Kware filin ƙwallon kwando na siminti, yaran ƙungiyar ba su rasa kayan wasa ba. Akwai ƙwallaye sababbi, da fararen kambas, da riguna masu lamba a baya. Akwai kuma Malam Irmiya, malamin wasanni, mutumin kudancin Zariya, wanda bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba sai dai ya hura usur. Abin da suka rasa shi ne ɗan baya mai tare hanya, wanda zai tsaya gaban abokin karawa ya hana shi kaiwa ga kwando.

Siddiƙu ɗan Malam Hayatu na Ƙofar Marke shi aka sa wa rai. Shekararsa goma sha huɗu, siriri, ƙwallo na bin hannunsa kamar da zare aka ɗaura ta. In ya jefa daga nesa, sai dai a ji raga ta yi motsi. Amma gidansu gidan karatu ne, mai zaure uku. A can yaro ba ya haɗa ido da babba, in kuwa babba ya taho a lungu, sai yaro ya raɓe jikin bango ya rusuna har a wuce. Tun kafin Siddiƙu ya iya harhaɗa baƙi ƙafafunsa suka iya wannan.

Malam Irmiya ya ɗauki makonni kafin ya gane matsalar. In sa'an Siddiƙu ne ya taho da ƙwallo, yaron yakan manne masa kamar ƙaya a riga. In wanda ya girme shi ne, ko da shekara biyu, sai kafaɗarsa ta juya da kanta, hanya ta buɗe.

"Ga mai gadin da ka buɗe ma ɓarawo ƙohwa!" in ji Illo, sa'ansa, wanda su biyu ke neman gurbi ɗaya. "Malam, a ba shi buta, shi riƙa zuba musu ruwan alwala in sun wuce."

Gurbin kuwa na zuwa gasa ne a Kaduna. Yara goma sha biyu za a ɗauka daga jiha, ɗan baya guda ya rage. Siddiƙu bai taɓa wuce Gusau ba, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ga sunansa a takardar nan.

Malam Irmiya ya bi abin daki-daki, yadda ya saba. Ya ce, "Ba sai ka kalli idonsa ba. Kalli cibiyarsa, duk inda ta yi can mutum zai yi." Wannan ya yi daɗi ga Siddiƙu, don kallon ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Sai dai ido ya gyaru, ƙafa ta ƙi. Malam ya zana masa da'ira da alli, ya ce kada ya fita daga ciki. Ya fita. Malam ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya riƙe ɗaya bakin. Yaron ya ja shi suka kauce tare.

Daga baya Malam ya ba shi aikin gida. "Yau in wani babba ya taho, tsaya a hanya, ka ƙirga uku a zuci, sannan ka matsa. Uku kawai, Siddiƙu."

Da la'asar ya tsaya a bakin zauren ciki. Sai ga Inno, mahaifiyarsa, ɗauke da ƙwaryar fura. Ya ƙirga ɗaya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, lahiya? Mi as same ka?"

Bai san lokacin da bayansa ya taɓa bango ba. Ta wuce tana cewa ƙwallon nan ta fara taɓa masa kai.

Ranar zaɓe wani jami'i ya zo daga ma'aikatar wasanni a kan sabuwar Honda, ya zauna a inuwar dogon yaro da takarda a cinya. Aka raba yara gida biyu. Wanda aka ba Siddiƙu ya tsare shi ne Muntari, kyaftin, ɗan wan babansa, mai shekara goma sha tara, wanda ya fara riƙe masa hannu a kan allo.

Muntari ya ja shi gefe. "Ka ji, ƙanena. Nan ba gida ba ne. Na yahe maka tun yanzu. In na taho, ka tare ni, ko ka kā da ni ƙasa."

"To, Yaya."

"Kuma bar ce min Yaya sai an tashi."

Aka hura usur. Siddiƙu ya jefa biyu suka shiga, jami'in ya rubuta wani abu. Can sai ga Muntari ya taho da gudu, ƙwallo na bugun siminti. Siddiƙu ya kafa ido a cibiyarsa, ya buɗe ƙafa, ya cije leɓe. Ɗaya. Biyu. Uku. Bai matsa ba. Muntari ya yi karo da ƙirjinsa, ya zame, ya faɗi da gwiwa, ƙwallo ta gangaro ta tsaya daidai ƙafar Siddiƙu, ga fili fetal har kwandon can.

"Ɗauka! Ɗauka ka tafi!" Karo na farko ke nan da aka ji Malam Irmiya ya yi ihu.

Amma Siddiƙu jini ya gani a gwiwar wansa. Ya durƙusa, hannu biyu a ƙasa. "Sannu, Yaya. Don Allah ka yi haƙuri."

Illo ya suri ƙwallon ya zura ta a kwando yana dariya. Muntari ya ture hannun ƙanen nasa, idonsa ya yi ja, ba don ciwon ba. Daga nan har aka tashi Siddiƙu bai sake iya tsayawa gabansa ba. Sau shida Muntari ya taho, a hankali ma, yana ba shi dama, sau shida kafaɗar ta juya.

Da aka karanta sunaye, Illo aka kira.

Bayan kowa ya watse, Malam Irmiya ya zauna kusa da shi a bakin siminti, yana juya usur a hannu. Ya ce akwai baɗi, ya ce yau ai ya tsaya sau ɗaya, kuma sau ɗaya ma wani abu ne. Siddiƙu ya ce to, kansa a ƙasa. Ya kwance kambas ɗin ya jera su, ya sa silifas ɗinsa.

A lungun gidansu ya haɗu da wani tsoho mai sanda, kafin ya yi tunani har ya raɓe jikin bango. Yana tsaye a nan ya gane cewa ko baɗi, ko baɗi waccan, duk filin da ya shiga zai tarar da wanda ya girme shi a ciki, kuma ƙafafunsa za su ba shi hanya.