Jalo Ya Tare Gidan Alhaji

Jalo, makiyayi daga Gude, ya sayar wa Alhaji Mahbub bijimi a Gwarzo, aka miƙa masa cek. A banki aka ce masa asusun ko na goro babu.

Bai yi faɗa ba. Washegari ya kwashi iyalinsa su tara, suka sauka gidan Alhaji ana kwasar tuwo.

"Lafiya, Malam Jalo?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. Kuɗin bijimin muka zo ci a hankali."

A kwana na uku buhun shinkafa ya yi rabi, Hajiya ta tasa mijinta gaba ya biya tsaf. Jalo ya karɓa da ɗan takaici, don ya ji gobe za a yanka kaji.