Burga Ba Ta Ci a Teburin Manoma

A ƙofar otal ɗin da ke bakin kasuwar shanu ta garin Tuam wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, suka tafa kan wata yarjejeniya. Karyarsu da ake gasar gudu da ita, kwikwiyo ɗaya tal ta haifa, kowa kuma ya ce nasa ne.

"Wanda ya riga fita daga gasar kartar poka ta yau, ya haƙura da kwikwiyo," in ji Cathal, ƙanen.

Fintan, wansa, ya ce, "Na yarda. Fara nema wa kanka kyanwa."

Fintan tsohon direban babbar mota ne, burga kuwa ita ce sana'arsa a karta. Hannunsa ba komai, amma sai ya zuba zubi mai nauyi, ya ƙura wa mutum ido har mai katin kirki ya yar da nasa. Ya ci 'yan birni da yawa da haka.

Yau sai ƙuri'a ta jefa shi teburin manoman da suka sayar da shanu da safe, aljihu cike, ga dariya. Zagayen farko ya gwada halinsa. Bríd, wata mai kiwon tumaki, ko duba katinta ba ta sake yi ba.

"Na bi zubinka, tsoho. Ni dai ina son ganin abin da ka ɓoye."

Da 'yan huɗu guda biyu ta kwashe masa rabin kwabbansa na wasa! Teburi ya ɗauki shewa. Daga teburin gefe Cathal ya ɗaga murya: "Yaya, in kira maka mota?"

Fintan ya shafa haɓa, ya ƙare musu kallo. Ashe mutanen nan ba su zo don su yar da kati ba, sun zo ne su ga ƙarshen kowane zagaye. Wanda ba ya jin tsoro, da me za ka tsorata shi? Sai ya naɗe hannu. Kati ya zo ya yar, wani ya zo ya yar, yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Zubin dole na kowane zagaye yana ta hawa, kwabbansa suna narkewa, ga Cathal can ya tara tuli.

"An yi maka baki ne?" in ji Bríd. "Ko barci kake?"

Can sai ga manyan kati, sarakuna biyu, a hannunsa. Murna ta kama shi. Bai yi wata dabarar ɓoyewa ba, ya tura duk abin da ya rage masa tsakiya, ya kafe Bríd da idon nan na burga.

"Kai, ya dawo da halinsa! Na bi!"

Mutum uku suka bi shi. Aka buɗe katin ƙarshe, sarakuna suka tsaya da ƙafarsu, suka cinye zagayen. Fintan ya miƙe yana dukan teburi, har shayin wani ya zube.

Cathal ya ga haka, jininsa ya hau. Ya ce shi ma bari ya nuna musu. Ya tura tulinsa duka a kan wani manomi mai jan fuska, alhali shi Cathal hannunsa fayau.

Manomin ya ce, "To, mu gani mana."

Aka gani. Cathal ya ɗauki hularsa, an fitar da shi.

Kafin la'asar Bríd ta fitar da Fintan shi ma, da wani kati da mai hankali ba zai riƙe ba, ta kuma ɗauke kofin gasar. Fintan ya koma gida da kwikwiyo a cikin kwat, yana fito. Cathal ne ya tashi a tutar babu, kuma shi ya tuƙa motarsu.