Tangaran Ɗin Baƙi

Tana cikin sauko da farantan daga kabad ɗin gilashi sai biyu suka gwaru, ƙas! Daga ɗakin ƙarshen baranda murya ta taso.

"Wa ke gwara tangaran haka kamar murfin tukunya?"

Ta tsaya cak. Rabon da ta ji mahaifinta ya ɗaga murya har ta manta. Tun da rawar hannu ta kama shi, ita ta ɗauko shi ya dawo gidanta, kuma da farko lafiya lau, tare ake cin abinci a tebur. Sai ranar da kofin shayi ya suɓuce masa ya tarwatse. Kofin kuwa daga cikin kayan tangaran ne da surukarta ta ba su, matar da ba ta taɓa shigowa falon nan ba face ta leƙa kabad ta ga ko kayanta na nan. Maigidanta ya tsince ɓaraguzan yana ajiyar zuciya. Washegari ta sayo wa Baba farantin roba da kofin roba, ta koma kai masa abinci ɗaki, wai don ya sake.

Ina sakewa! Yadda ta kai tire haka take dawowa da shi. Mutum ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ya duba ya ce babu wata sabuwar cuta, amma in aka ci gaba a haka sai an ba shi gado. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a kicin, duk a banza.

Yanzu ga shi a bakin ƙofar falo, yana dafe da bango.

"Baƙi za mu yi, Baba. Abokan aikin maigidan ne za su zo cin rana."

"Shi ne kike ɗaukar su kamar kina jin haushinsu? Ajiye, Uwata."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta ajiye. Rayuwarsa kaf a ɗakin cin abincin wani babban otal ya yi ta, yana jera tebur yana kai wa mutane abinci, kuma ta san ba a musu da shi a kan faranti. Amma hannuwan nan fa?

Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu, ya ɗaga shi saitin taga. Hasken rana ya ratsa shi har tana ganin inuwar yatsunsa ta baya. Ya ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce, farantin ya yi wata siririyar ƙara da ta daɗe ba ta mutu ba.

"Kin ji? Lafiyayye ne. Mai tsaga ba ya waƙa, tari yake yi." Ya shafa zaren ruwan zinaren da ya zagaye bakin. "Surukarki baki gare ta, amma wallahi ta san kaya."

Dariya ta kufce mata. Daga nan ta zama 'yar aike. Ya sa ta tsoma farantan a ruwan ɗumi ta goge, wai zuba abinci mai zafi a faranti mai sanyi cin mutuncin mai girki ne. Ya sa ta juya kowanne har furen da ke jiki ya fuskanci kujera. Cokali nan, wuƙa nan, kofi can. Ta sa wani a karkace, ya yi tsaki ya ce ko sabon ɗauka ba zai yi wannan aika-aikar ba. Ta lura ya daina dafa bango.

Ana gamawa waya ta yi ƙara. Maigidan ne: taro ya riƙe su a ofis, baƙin ba za su samu zuwa ba, shi ma sai yamma, ta yi haƙuri.

Ta gaya wa Baba. Ya dubi teburin, kafaɗunsa suka sauka.

"To. Mayar da su a hankali, ki sa tsumma a tsakani." Ya juya zai koma ɗaki.

Tausayi ya kama ta, da kunya ma, don sai yanzu ta ga abin da ta yi masa. Ta jawo masa kujera a teburin.

"Baba, zauna. Ai mun yi baƙo."

"Kai, Uwata, rufa mini asiri. Na baƙi ne." Ya yi 'yar dariya. "Ni da na tsufa ina ajiye irinsa gaban mutane, ban taɓa cin ko loma a ciki ba. Mu a tsaye muke ci, bayan kicin."

"Yau dai ka zauna, ko in zuba a faranti mai sanyi."

Ya harare ta, ya zauna. Ta zuba masa shinkafa da kifi, ta zo ajiyewa ya ce ba ta wannan gefen ake ajiyewa ba, sai da ta zagayo. Ta zuba nata ta zauna kusa da shi. Ya daɗe yana kallon abincin a kan farin tangaran, tururi na tashi, sannan ya yi bismilla. Cokalin na rawa yana kaɗa bakin farantin, ita kuwa ta kafa ido a nata, tana ba shi labarin maƙwabciyarta da kyanwarta mai satar nama. Loma ɗaya, loma biyu, har ta daina lura. Da ta ɗago, ya share farantin tas.

"Gishirin ya ɗan yi kaɗan," ya ce. "Akwai saura?"

Ta tashi da sauri kafin ya ga idonta. Tana kicin tana buɗe tukunya ta ji ƙarar, tartsatsa guda a kan tayil, sannan shiru. Ashe miƙewa ya yi zai kwashe tebur da kansa.

"Uwata..." Muryar ta koma ƙarama. "Uwata, na yi ɓarna."

Fuskar surukarta ta faɗo mata a rai, da ajiyar zuciyar maigidan. Ta ɗauki tukunyar ta fito. Yana tsaye cikin fararen ɓaraguzai, ya kasa dubanta. Ta tsallake su, ta jawo farantin da aka jera wa baƙo na kusa, ta cika shi.

"Ɗaga ƙafarka kar ka taka, Baba. Zauna ka ci da zafinsa."