Na Ba Ka Abare

Mijina sunansa Surajo. To, na faɗa, kuma ba abin da ya same ni. Shekara talatin ina kiransa Malam alhali bai taɓa karantar da kowa ba. Aji uku ya yi a sakandare can Anka ya dawo garinmu Abare noma, amma ya dawo da wata cuta da ba ta da magani, cutar tambaya.

Wallahi mutumin nan bai iya gaida mutum ya ƙyale shi ba. Kana cewa "lafiya lau" ya tare ka: kaji da awaki a gida ɗaya, kawunansu goma, ƙafafunsu ashirin da takwas, awaki nawa? Kunama ƙafa nawa gare ta? Wace sura ce ba a buɗe ta da Bismillah ba? Rabi a rediyo yake tsinto su, rabi shi ke ƙaga abinsa. Kuma ya ɗauko dokar kacici-kacici ta yara ya ɗora wa manya masu gemu: in ka kasa, sai ka ba shi gari. Ka ce "na ba ka Gummi," ya gyara zama ya ce ya tafi Gummi, an ba shi masauki, ya ci ya sha, sannan ya faɗi amsa. In ka ba shi ƙauye ya ce bai so, ƙaro. Maƙwabcinmu Bilyaminu ya taɓa ba shi Bukkuyum har da kasuwarta, don Allah ya bar shi ya je ya kama ruwa. Ni kam amsata ɗaya ce kullum: "Malam, na ba ka Makka da Madina, matsa in kwashe tuwo."

Sai zinari ya zo. Maza sunka riƙa kawo dutse cikin gida, ana daka ana niƙa a tsakar gida, mu ma munka yi. Ba a daɗe ba ƙananan yara sunka fara jijjiga suna mutuwa. Ma'aikatan lafiya sunka zo sunka ce gubar dalma ce cikin dutsen. Anka kankare ƙasar kowane gida anka zuba sabuwa, anka ce ko cikin cokali kada wanda ya sake shigo da niƙaƙƙen dutse inda yara suke.

Malam yana da wani farantin tasa mai faɗi da ya cika da niƙaƙƙen dutsen nan. Ba don zinari ya aje shi ba, ku ji wautar. Cewa ya yi ƙasar ta fi yashi laushi, in ka rubuta lamba da yatsa tana fita raɗau, ka shafe da tafin hannu ka sake. A kansa yake gwada lissafinsa kafin ya fita ya addabi jama'a. Ranar da masu kwashe ƙasa sunka shigo gidanmu, ya tura shi ƙarƙashin gado ya saki zanen gado. Na ce, "Malam, ba ka ji abin da anka ce ba?" Ya ce, "Hajara, mota nawa ta ƙasa anka fitar daga garin nan? Faranti ɗaya kashi nawa ne cikin dubu dubu? Kuma wa zai ci shi?" Na ga lissafi ne, na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Autarmu Nusaiba ba ta nan duk wannan ya faru. Tun yaye innata ta ɗauke ta zuwa Gummi ta ƙi maido ta. Sai da anka gama gyaran gari ta dawo, shekararta biyar da rabi. Anka gwada jininta, tas yake. Mata har barka sunka yi mini.

Yarinyar nan kai gare ta, tubarkalla. Wata rana bayan la'asar Malam ya tsare su Bilyaminu a ƙofar gida da tambayar kwaɗo: rijiya mai zurfin gaba goma, kwaɗo yana hawa gaba uku da rana ya zame biyu kafin safiya, kwana nawa zai fita? Kowa ya ce goma. Nusaiba na maƙale a ƙofar zaure da ɗan kwanonta, ta ce, "Takwas, Baba. Ran na takwas ya riga ya fita, ina zai zame?" Malam ya ɗaga ta sama yana dariya har da hawaye. Ya ce duk Abare an ba shi gari, sai ɗiyarsa kaɗai ba ta taɓa ba shi ko unguwa ba. Ya ce likita za ta zama.

Daga ranar ya jawo farantin daga ƙarƙashin gado. Kullum da hantsi su biyu a bakin ƙofar ɗaki, yana tambaya tana rubutawa. Ita kuma in tana tunani sai ta sa yatsa a baki. Ta rubuta, ta tsotsa, ta shafe, ta rubuta. Ina wucewa da tsintsiya ina gani. Sau ɗaya na ce, "Ke, fid da hannu daga baki," kamar yadda uwa ke faɗi ta wuce. Daɗi nake ji, in gaya muku gaskiya. Ɗiyata ce ta fi maza.

Wata bakwai ana haka. Ta fara da ciwon ciki da amai, munka ce shawara ce. Sai ta kasa tambayar da ta amsa jiya. Ran wata Talata ta faɗi kusa da murhu tana jijjiga, idanu sun juye. Bilyaminu ya goya mu, ni da Malam, a mashin har Anka, ina riƙe da ita a tsakiya ina salati.

Anka ɗibi jininta. Malam ya tambayi likita, "Nawa ne lambar?" Likita ya ce injin bai ba da lamba ba, abin ya wuce inda yake iya ƙirgawa. Sannan ya tambaye mu ko akwai dutse a gida. Malam ya ce babu. Ya ce ko ta je wurin niƙa ne bai sani ba. Ina tsaye, na ji da kunnena, ban ƙaryata shi ba. Da munka koma gida farantin ba ya nan. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Ta rayu. Magani ya fid da dalmar a hankali, amma bai maido abin da ta ci ba. Likitan ya ce wasu yaran sukan ɗan farfaɗo, a dinga yi mata magana. Wannan "wasu" ɗin Malam ya riƙe, shekara goma sha uku ke nan bai sake shi ba.

Ya daina tambayar kowa a gari. Bilyaminu da kansa ya ce ya yi kewar tambayar kunamar. Ita kaɗai yake tambaya, kullum da hantsi, a bakin ƙofar nan. Shekarar farko kwaɗo da rijiya. Ta biyu ya sauko kan bakwai sau uku. Daga baya yatsun hannu. Ita kuwa duk abin da ya rage a kanta daga wasan nan shi ne abin da ta ji mutane na faɗi. Kowace tambaya ka yi mata, ko "kin ƙoshi?" ce, sai ta yi murmushi ta ce, "Na ba ka gari." Sunayen garuruwan ma sun zube ɗaya bayan ɗaya. Yanzu shekararta sha tara, ni ke yi mata wanka, ni ke goge mata miyau.

Na gaji. Wallahi na gaji da jin muryarsa ta tambaya. Shekaranjiya ina tankaɗe na ji ya aza dabino biyu a tabarma yana cewa, "Ɗaya da ɗaya, Nusaiba. A hankali." Na jefar da rariya na ce, "Haba Malam! Ka ji tsoron Allah ka bar yarinyar nan. Mi kake nema? Babu kowa cikin kan nan da zai amsa maka, kai ma ka sani."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Guda ta rage, Hajara. Daga ita na bari."

Ya kwashe dabinon. Ya matsa har gwiwarsa ta taɓa tata, ya riƙe hannunta na dama, ya ce, "Dube ni da kyau. Ni wane ne?"

Ta dube shi. Ta daɗe, har yatsa ya tafi baki kamar da, na ce ko yau ce. Sai ta yi murmushi.

"Na ba ka gari."

Ya ce, "Wane gari?"

Ta juyo wajena. Na kasa tuna Gummi, na kasa tuna Anka. Bakina ya ce, "Abare."

"Abare," in ji ta.

Dokarsa ce, shi ya kafa ta: in an ba ka gari sai ka faɗi amsa. Bai ce ya je ya ci ya sha ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ne wanda ya ba ki farantin."

Nusaiba ta tafa hannu, ta ce, "Ƙaro wata."